Kaskon wuta ko murhun gas, don zaman dare a tsakar gida

Ɗan'uwa, ka tambayi wanne za ka saya don zaman dare. Tunda taron abokai da maƙwabta ne, tsakanin kaskon wuta mai raga da murhun gashi na gas, ɗauki kaskon kawai.

Nawa na ƙarfe ne mai kauri, sai mutum biyu sun kama yake ɗaguwa, kuma aiki biyu yake yi. A hura itace ko gawayi, a ba shi minti 20 zuwa 30 har harshen wutar ya kwanta, garwashin ya yi farin toka a sama, sannan a ɗora raga a gasa nama. Idan an ci an ƙoshi, a ɗage ragar, a ƙara itace, kowa ya jawo kujerarsa. Akwai wani dattijo maƙwabcina da gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ran nan ƙamshi ya kai masa, ya leƙo wai ya ga ko lafiya. Kafin ka ce kwabo ya karɓe juya naman, yana ta faɗa wai muna ƙona shi, bai tashi ba sai da garwashin ya mutu. Yanzu shi ke kawo itacen.

Na gas ɗin ma ina da shi, yana can a lulluɓe. Cikin minti 10 ya yi zafi, ba toka, ba hayaƙi. Iyakarsa ke nan, ba mai zaman hira a gabansa.

Kasko dai yana son kula. Ka ajiye shi aƙalla mita 3 daga ginin gida da rassan bishiya, bokitin ruwa ko yashi na kusa. Ɗanyen itace shi ke turnuƙe maƙwabta da hayaƙi, katako mai fenti kuwa hayaƙinsa guba ne. Kada a kunna da fetur. Kuma komai sanyi kada wani ya shigar da ragowar garwashi ɗaki, iskar da yake fitarwa ba ta da wari amma tana kisa. Tokar ma takan riƙe wuta har kwana biyu, ka kashe ta da ruwa kafin zubarwa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Wasu sukan shafa wa falalen ƙarfe baƙin fenti su ce mai kauri ne, wuta ɗaya zai lanƙwashe, fentin ya ɓare. Ɗaga shi ka ji nauyi, ka ƙwanƙwasa, ka duba ko akwai ƙofofin iska a ƙasa. Idan ragar daga tsohon firiji aka yanko ta, ka ƙi, ba a yi rufinta don wuta ba. Mai gawayi kuma ka sa ya zazzage buhun a gabanka, don a ƙasa ake ɓoye gari da jiƙaƙƙe.