Digiri na biyu a zanen gine-gine: Jos ko Zariya?

Ɗalibai a nan Jos sun dame ni da wannan tambaya.

ABU Zariya, wadda aka kafa a 1962, ita ce uwa a wannan fanni. Tsofaffin ɗalibanta sun cika ofisoshin Abuja, kuma wannan sanayya tana buɗe ƙofa. Ga tsohon Masallacin Juma'a da shahararren magini Babban Gwani ya gina kusa.

Jami'ar Jos kuwa, ta 1975, tana gari ɗaya da gidan adana gine-ginen gargajiya na MOTNA, ga sanyin yin zane har dare. Kana kwana gidanku, babu kuɗin haya.

Yajin aikin ASUU? Duk kanwar ja ce.

Mai aiki ko iyali a Jos ya zauna gida. Saurayi mai hangen Abuja, Zariya ta fi masa.