Madubin hangen nesa 10x50 da na saya don leƙen inda ake haifar taurari

Tun ƙarshen Nuwamba na sayi madubin hangen nesa irin mai ido biyun nan, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa, yau kusan wata huɗu kenan ina amfani da shi. Na gwanjo ne, a wani ɗan shago a Kano na same shi ko kwali babu, sai jaka da igiyar ratayawa, kuma kuɗinsa bai kai na ƙaramar wayar hannu ba. Abu ɗaya tak ya sa na saye shi, ina so in ga gajimaren Oriyon da idona, wurin nan da masana suka ce har yanzu sabbin taurari na fitowa daga cikinsa.

Lambobin nan biyu, 10 na nufin yana kusanto da abu sau goma, 50 kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, kuma da daddare wannan hamsin ɗin shi ne magana don shi ke tara haske. Don Allah kar wanda ya ruɗe ka da waɗanda gilashinsu ja ne wur an rubuta musu manyan lambobi, ba sa nuna komai a sama. Kafin ka biya ka fito ƙofar shagon ka saita wata eriya ko turken wuta mai nisa, in ka ga abin ya rabu biyu ya ƙi haɗewa to ajiye musu kayansu, ciwon kai kawai zai sa maka. Ni sai da na gwada uku kafin na samu wannan.

Daren farko ba zan manta ba. Wajen sha ɗaya na dare ne, an ɗauke wuta a unguwarmu gaba ɗaya, na hau saman bene da bargo. Akwai taurari uku da ke jere reras ta gabas, kowa ya san su, sunayensu ma na Larabci ne, Alnitak da Alnilam da Mintaka, suna cikin taron taurarin da ake kira Oriyon, to a gefensu ta kudu akwai wasu ƙanana da suka yi layi, na tsakiyar cikinsu in ka kalle shi da ido kawai sai ka ga kamar ya ɗan yi dishi-dishi, gajimaren kenan. Da na ɗora madubin a kai sai ga wani haske toka-toka ya buɗe fukafukai biyu kamar hayaƙin turaren wuta da ya tsaya cak bai motsi, da wasu taurari masu ƙyalli a tsakiyarsa. Na daɗe a tsaye ina ta Subhanallahi har hannuna ya sage. Amma fa in faɗa maka gaskiya tun yanzu, babu ja babu shuɗi irin na hotunan da ake yawo da su a Facebook, waɗancan kyamara ce ke shan haske na tsawon lokaci, idon mutum kuwa in haske ya yi rauni baya rarrabe launi. Wanda ya sa ran ganin hoton waya zai ce an cuce shi, ni kam tokar nan ta fi min hotunan duka don ita ce ainihin hasken ya shigo idona.

Kuma sanin abin da kake kallo shi ne rabin daɗin. Hasken nan ya yi tafiyar shekara wajen 1,350 kafin ya iso. Wurin wani ɓangare ne na wani makeken gajimare na iskar haidurojin da ƙura, wanda cikinsa sanyi ya kai wajen digiri 260 ƙasa da sifili, kuma sanyin ne ma sirrin abin, don iska in ta yi sanyi sosai bata da ƙarfin turjewa sai nauyinta ya rinjaye ta ta dinga dunƙulewa tana matsewa, tsakiyar curin na ɗaukar zafi a hankali a hankali har wata rana wuta ta kama, tauraro kenan. A tsakiyar hasken akwai wasu manya guda huɗu da ake kira Trapezium, su ne suke haska iskar da ta haife su suna kuma cinye ta, shekarunsu bai wuce miliyan ɗaya ba alhali ranarmu ta kai biliyan 4.6, wato jarirai ne ko suna ba a yi ba. Madubina baya iya raba huɗun nan, a dunƙule yake nuna su, wannan aikin na'urar hangen nesa ne wadda ta fi shi kusantowa. Waɗanda suka fi su ƙuruciya kuma suna can ƙunshe cikin ƙura ba a ganinsu sam, sai da irin na'urar James Webb da aka harba sararin samaniya ranar 25 ga Disamba 2021 wadda ke ganin hasken da ke ratsa ƙura.

Inda madubin nan ya fi burge ni shi ne faɗin abin da yake ɗauka lokaci guda. In ka saita taurari ukun nan duk suna shiga ciki tare, kuma sai ka ga ashe ba su kaɗai bane, kewaye suke da taurari farare masu ɗan shuɗi birjik kamar an watsa gero. Da yawansu 'yan gida ɗaya ne, gajimare ɗaya ya haife su. Wani masani ɗan Armeniya, Viktor Ambartsumian, shi ya fara bayanin irin wannan taro a 1947, ya nuna cewa nauyinsu bai isa ya riƙe su wuri guda ba, watsewa suke yi sannu a hankali, to tunda har yanzu ana ganinsu tare ai ba su daɗe da haihuwa ba kenan. Da wannan hujjar aka ƙara tabbatar da cewa yin taurari bai ƙare ba, ana nan ana yi. Na'ura mai kusantowa sosai ɗan lungu kawai take nuna maka, ba za ka ga dangin a tare haka ba.

Wani dare a Janairu Baba ya hawo ya same ni, ya ce wai me kake nema ne a sama kullum cikin sanyin nan. Na ce Baba zo ka ga kaza da 'ya'yanta. Ya ce ai ya san su tun yana yaro a ƙauye, shida yake ƙirgawa, malaminsu kuma Surayya yake ce musu. Na gyara masa madubin daidai idonsa na riƙe masa gwiwar hannu, ya yi shiru, can sai na ji yana ƙirga a hankali har ya wuce ashirin ya tsaya, ya sauke ya goge ido da bakin rawaninsa ya ce "ikon Allah, ashe kazar nan 'ya'yanta sun fi haka." Na ce masa su ma yara ne, shekara wajen miliyan 100, nisansu tafiyar haske ta shekara 440, sai dai su sun riga sun rabu da gajimaren da ya haife su. Tun ranar in ya ga sama ta washe shi yake aiko a kira ni.

Matsalolinsa kuwa akwai. Babbar ita ce rawa, ya kusa kilo ɗaya, minti biyu ka ɗaga shi taurarin sun fara tsalle, kuma a nan wajenmu Oriyon na hawa kusan tsakiyar ka ne sai wuya ya ƙage. Dabarar da na samu ita ce in shimfiɗa tabarma in kwanta rigingine da filo, in kafa gwiwar hannu a ƙirji. Igiyar ta tsinke a sati na biyu, Allah ya taimaka a kan bargo ya faɗo, na kai wa mai gyaran takalmi ya ɗinka min ta fata. Abin murɗawar nan na saiti yana da tauri in an yi sanyi, sannan taurarin da ke gefe-gefe suna ɗan yin jela, tsakiya ce kawai tas. Sai hazo, wanda ba laifin madubin bane amma ya cinye min kusan rabin Disamba da Janairu, in ya sauko ko taurari ukun da ƙyar. Kar ka kuskura ka goge ƙurar da rigarka, karce gilashin za ta yi, hure ta tukun sannan ka bi da ƙyalle mai laushi.

A farkon Maris hazo ya ɗan ɗaga na fita bayan gari, wajen sha biyun dare na samu gajimaren Karina can ƙasa-ƙasa ta kudu, ya fi na Oriyon girma nesa ba kusa ba duk da nisansa ya kai tafiyar haske ta shekara 7,500, kuma mutanen Ingila ba sa ganinsa sam, mu da muke kusa da tsakiyar duniya mun samu wannan gatan. Manhajar Stellarium ce ta nuna min inda yake, tana da ta kyauta, ka kunna jan haskenta don kar hasken waya ya kashe maka ido, sannan ka ba idonka minti ashirin cikin duhu kafin ka fara.

In kana da ɗan hali kuma kana da inda za ka samu duhu, saye shi, ya fi ka fara da ƙaramar na'ura mai ƙafa uku ta roba. Ni yanzu abin ɗora shi nake nema kafin damina, don a watan Yuli in hadari ya ba da sarari ina so in nemo gajimaren Lagoon da kuma taurarin da ke kewaye da jan tauraron nan da ake kira Antares, su ma dangi ɗaya ne.