Mai tallan intanet, wace hanya za ka bi ka koyi gina shafi?

Mako uku na yi ina zuba kuɗin wani ɗan kasuwa a tallan Facebook, lambobi suna ta yi mini daɗi, sai ranar da ya kira ni ya ce, "Malam, rahotonka ya ce an sayi arba'in, ni ashirin na gani a littafina." Ashe wanda ya gina masa shafin ya liƙa Meta Pixel, wato 'yar lambar Facebook mai ƙirga abin da masu ziyara suka yi, a jikin shafin, sannan ya sake sa shi ta cikin Google Tag Manager, manhajar Google da ake saka irin waɗannan lambobi ta cikinta, kowane ciniki sau biyu ake ƙirga shi. Gyaran bai wuce cire layi kaɗan ba. Amma ban san inda layukan suke ba, mai ginin kuma ya daina ɗaga waya. Tun daga ranar na gane cewa guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni, kuma da wannan mudun nake auna kowace hanyar koyo: idan abu ya lalace da tsakar dare, talla na cin kuɗi, zan iya leƙawa in gano da kaina?

Hanyar da nake so, ba zan ɓoye ba, ita ce mutum ya koyi HTML da CSS da ɗan JavaScript kyauta, sannan ya gwada hannunsa a kan WordPress, manhajar gina shafi, da ya girka a masaukin da ya biya da sunansa, wato kamfanin da ke ajiye shafi a intanet. HTML shi ne ƙashin shafi, shi ke cewa wannan kanu ne, wannan hoto ne, wannan fom ne. CSS shi ne launi da girma da yadda shafin ke tsayuwa a waya ko a kwamfuta. JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a 1995 a kamfanin Netscape, shi ne motsi, kuma da shi ake rubuta kusan duk 'yan lambobin bibiyar talla da ake ba ka ka liƙa. Ba a ce ka zama injiniyan manhaja ba. Ka iya karantawa, ka iya ɗan gyara, shi ke nan.

Wurin koyo ba ya wuya. freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, yana sa ka rubuta da hannunka tun darasin farko, ba ka biyan ko sisi. W3Schools ya fi sauƙi idan abu ɗaya kake son dubawa da sauri. MDN na Mozilla kuwa shi ne ƙamus, can za ka koma idan bayanin wasu ya saɓa wa juna.

Amfanin yana fitowa da wuri. Ka buɗe shafinka a Chrome ka danna F12, za ka ga cikinsa a fili: kanun da Google ke nunawa a sakamakon bincike, bayanin da ke ƙarƙashinsa, hotunan da ba a rubuta musu bayani ba, da ko lambar tallanka ta tashi ko ba ta tashi ba. Akwai kalma ɗaya, noindex, wadda idan aka manta da ita a saman shafi, Google zai ƙi sa shi cikin sakamako, ko da ka shekara kana rubutu. A WordPress ɗan akwati ne guda a cikin saiti yake kunna ta, kuma masu gini kan danna shi lokacin aiki su manta ba su cire ba. Haka batun sauri: Google na son babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa biyu da rabi, kuma sau da yawa laifin na wani ƙaton hoto ne da ba a rage masa nauyi ba. Ko saƙon imel na talla, wanda ya san HTML shi ke gane dalilin da ya sa ya yi kyau a Gmail ya wargaje a tsohon Outlook na kwamfuta, wanda tun 2007 yake amfani da injin Word wajen nuna saƙo.

Me ya sa WordPress? Tun 2003 da Matt Mullenweg da Mike Little suka fara shi yake bunƙasa, yau fiye da kashi 40 cikin ɗari na shafukan duniya a kansa suke. Ke nan ko ba ka so, za ka tarar da shi a wurin abokan hulɗarka. Kuma naka ne: ka ga dama ka kwashe shafin ka koma wani masauki. Sai dai a lura, wanda ake saukewa daga WordPress.org nake nufi, WordPress.com kamfanin masauki ne mai nasa tsare-tsare da iyakoki. Nauyin wanda ka girka da kanka shi ne sabuntawa da ajiye kwafi a wuyanka suke.

Wix da Squarespace, masu ba ka damar gina shafi ba tare da rubuta lamba ba, suna da kyau ga mai gaggawa, ka ja ka ajiye, amma ba za su koya maka abin da ke ƙasa ba, kuma shafin Wix ba ya ɗaukuwa zuwa wani masauki. Shopify na mai kanti ne. Kwasa-kwasan watanni masu tsada na masu neman aikin rubuta manhaja ne, ba naka ba. ChatGPT da ire-irensa suna rubuta lambar shafi (HTML da sauransu) da kyau, ina amfani da su, amma wanda bai iya karatu ba ta yaya zai san an yi masa kuskure?

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Masu sayar da kwas sun cika intanet, kowa da hoton allo yana nuna miliyoyin da ya samu. Ɗan'uwa, da wannan F12 ɗin da na faɗa, cikin minti ɗaya kowa zai iya canza lambar da ke kan allonsa, ya mai da ɗari biyu ta zama miliyan biyu, ya ɗauki hoto. Canjin a kwamfutarsa kawai yake, da an sabunta shafin ya ɓace, amma hoton ya riga ya tafi. Darasin HTML na makon farko ma ya isa ya kare ka daga wannan zambar. Kafin ka biya kowa, ka ce ya ba ka adireshin shafuka uku da ya gina, ka buɗe su a wayarka. Ka tambayi jerin darussan, ka gwada da na freeCodeCamp. Sau da yawa za ka ga abin kyauta aka naɗe maka a sabuwar takarda. Wanda ya ce kujeru biyar suka rage, agogo na ƙirgawa a shafinsa, ka sake buɗe shafin gobe ka ga ko agogon bai koma farko ba.

Sai 'yan filogi (ƙananan manhajojin da ake ƙara wa WordPress) da fasalin shafi na sata, waɗanda ake rabawa a rukunoni wai "na kuɗi ne amma kyauta". Kwaɗayi mabuɗin wahala. Yawanci ba sa samun sabuntawa, wasu kuma an dasa musu ɓoyayyar ƙofa, sai ka wayi gari shafin abokin hulɗarka na tura mutane wurin caca, Google ya rataya masa jan gargaɗi, tallan da ka biya kuma ya tsaya. Ka sauke daga rumbun WordPress.org ko ka saya wurin mai shi kai tsaye.

Mafi muni shi ne batun sunan shafi, wato adireshinsa na intanet. Wancan mai ginin da ya ɓace mana, da muka bincika sai muka tarar adireshin shafin da masaukin duk da imel ɗinsa ya yi rajista. Ɗan kasuwan ya biya, amma a takarda ba shi da komai. Wata biyu muka yi muna lallashi kafin ya sake. Saboda haka ko da za ka ɗauki mai gini, kai ko mai kasuwancin ku sayi sunan da kanku, da imel ɗinku, ku buɗe Google Analytics (mai ƙirga masu ziyarar shafi) da Tag Manager da asusunku, sannan ku ba shi izinin shiga wanda za ku iya janyewa. Idan ya ce sai dai ta asusunsa, kada ka ba shi ko kafin alƙalami.