Shagon mai tura fina-finai da labarin 'yan Huk

Memori na je saya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, saboda wayata ta cika da karatuttuka da hotunan jikoki. A wani ɗan shago da bai wuce ɗaukar mutum uku ba, yaron da ke zaune gaban kwamfuta ya ce, "Baba, ba a zuba maka wani abu? Ba Indiya kaɗai muke da su ba, akwai na tarihi, mu muka fassara." Na ba shi naira ɗari biyar, ya zuba min guda huɗu. Ɗaya ne ya hana ni barci, na manoman Filifin da ake kira Huk.

Hausar mai fassarar ta zauna. Da ya zo kan yadda manoman tsakiyar tsibirin Luzon ke noman shinkafa a gonar mai ƙasa, a raba amfanin, sannan a cire bashin da aka ci da rani har da ruwansa, bai yi ta kewaye-kewaye ba, cewa ya yi "noma-mu-raba ne, amma mai gona ke riƙe da mudun." Nan na gyara zama. Ya bayyana cewa sunan Hukbalahap na nufin rundunar jama'a masu yaƙar Japan, an kafa ta a watan Maris na 1942, 'yan kwaminis ne a gaba, jagoransu Luis Taruc, ɗan manomi daga Pampanga. Dutsen Arayat ne maɓoyarsu.

Wurin da ya fi cin kuɗinsa shi ne bayan yaƙi. Mutanen da suka yi shekara uku suna fafatawa da Japan, da sojan Amurka ya dawo sai aka ƙwace musu makamai, aka tsare Taruc, a garin Malolos kuma aka kashe fiye da ɗari daga cikinsu a 1945. Duk da haka suka shiga zaɓen 1946, Taruc da abokansa biyar suka ci kujerun majalisa, aka hana su zama, a daidai lokacin da ake neman ƙuri'un da za su ba Amurkawa damar cin arzikin ƙasar daidai da 'yan ƙasa. A watan Agusta aka sace Juan Feleo, shugaban manoma, aka kashe shi. Daga nan suka koma daji. Ni da na tashi ina jin yadda 'yan NEPU suka sha ɗauri da bulala a garin nan, ban buƙaci a yi min dogon bayani ba. Bambancin, Malam Aminu bai ɗauki bindiga ba.

Bai kuma wanke su ba. Ya faɗi kwanton-ɓaunar 1949 da aka kashe Aurora Quezon, matar tsohon shugaban ƙasa, da 'yarta, da yadda jama'a suka fara juya musu baya.

To amma akwai ƙorafi. Sautin asali na ƙasa yana danne muryarsa a wurare, sai na manna wayar a kunne. Sunan Magsaysay kuwa, jami'in gwamnatin da ya karya tawayen, ya kira shi kala uku, har da "Magasaisai". Kuma kashi na ƙarshe ya gaggauta shi kamar mai jin an tada iƙama. Ramon Magsaysay ya zama sakataren tsaro a 1950, a Oktoban shekarar aka cafke shugabannin jam'iyyar kwaminis a Manila, ya tsawata wa sojoji kan cin zalin ƙauyawa, ya yi wa masu ajiye makami alkawarin gona a tsibirin Mindanao. Duk wannan bai ci minti uku ba. Amma dabarar Edward Lansdale na CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, ta tsorata mayaƙa da aswang, dodonsu mai shan jini, ya ja ta kamar tatsuniyar dare, har da kwaikwayon murya. Na san abin da ke sayuwa ke nan, sai dai ba dodon ne ya karya tawayen ba.

Wani abin haushi: bidiyon ya yanke daidai inda Taruc ke miƙa wuya a Mayun 1954, ta hannun wani matashin ɗan jarida, Benigno Aquino. Na koma shagon ranar Asabar. Yaron ya duba, ya ce, "Yi haƙuri Baba, wuta aka ɗauke muna cikin turawa." Ya sake zubawa bai karɓi ko sisi ba, ya ƙara min da na Biyetnam. Na ce ya gaya wa yayansa mai fassarar ya tambayi yadda ake kiran sunaye kafin ya hau makirfo. Ya yi dariya, ya ce zai faɗa, amma na Indiya ne ke biyan kuɗin hayar shagon.