Wolfefa a kan bangon katako: a cike tsagin ko a shimfiɗa takardar ƙasa?

Hajiya, kin ce falon da kuka koma an lulluɓe bangonsa da katako mai tsagi-tsagi, ya yi duhu, kina son ki manna wolfefa, wato takardar adon bango, ba tare da an ɓalle katakon ba. Mai fenti ya ce a cike tsagin da foti, wato ƙullun da ake toshe ramuka da shi kafin fenti, mai sayar da takardar kuma ya ce a fara manna wata takarda mai kauri a ƙarƙashi, wato takardar ƙasa. Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma sai kin fara sanin irin katakon da ke bangonki.

Ki duba da kyau. In manyan alluna ne na filawud masu ƙafa 4 a faɗi da ƙafa 8 a tsayi, tsagin nan ado ne kawai da aka yi a fuskarsu. In kuwa falanki ne ɗaya-ɗaya aka jera, kowane tsagi mahaɗa ce ta gaske. Falanki yana shan danshin damina ya kumbura, hunturu ya zo ya tsotse shi ya motse. Abin da ke sa ƙofar katako ta ƙi rufuwa a watan Agusta, ta saki a Janairu ke nan. Filawud bai cika yin haka ba, domin ɓawon katakon da ke cikinsa an manna shi a gicciye da juna.

Cike tsagi ya fi araha, kuma kayansa suna ko'ina. Sai dai aiki ne na haƙuri. Foti yana motsewa idan ya bushe, don haka sai an bi shi sau biyu, a goge da samfefa, ƙura ta cika gida. A kan filawud yana zama lafiya, ban da wurin da allo biyu suka haɗu. A kan falanki kuwa ba na ba da shawararsa ko kaɗan. In an cike da hunturu, lokacin da tsagin ya buɗe, damina za ta matse shi ta turo fotin waje. In da damina aka cike, hunturu ya tsage shi. Ko ta yaya, layi zai fito a fuskar takardarki daga sama har ƙasa. Na gani a shagon wani ɗan'uwana, shekara ba ta zagayo ba bangon ya koma kamar littafin rubutu.

Takardar ƙasa ba ta cike komai, haye tsagin take yi. A kwance ake manna ta, ta saman kuma a tsaye, don kada mahaɗunsu su faɗa wuri ɗaya, kuma a bar ta aƙalla awa 24 ta bushe kafin a ɗora wolfefa. Kada mai aikin ya danna ta cikin tsagin da yatsa ko da abin shafa. Tana jure ɗan motsin katako fiye da foti. Matsalarta biyu: kuɗi, tunda takarda biyu da gam biyu za ki saya, sannan ba kowane shago ke ajiye ta ba. Kuma tsagin da ya wuce kwatan inci, wajen milimita 6, sai an ɗan cike shi tukuna, in ba haka ba yaro ya sa yatsa ya huda.

Da ni ce, filawud ya sha foti, falanki ya sha takardar ƙasa.

Ko wacce kika zaɓa, akwai aikin da ba a tsallakewa. A buga ƙusoshin da suka saki. A wanke maiƙo da ƙura. A kashe sheƙin banish da samfefa, domin gam ba ya kama santsi. Sannan a shafa fentin ƙasa, wato shafin farko mai hana rinin katako fitowa, musamman in takardar fara ce, don jiƙon gam yana jawo tabo ruwan ƙasa. Ki kuma ƙwanƙwasa bangon wuri-wuri. In kin ji ya yi ruɓu-ruɓu ko kin ga ƙasar gara, a ɓalle allo ɗaya a leƙa baya, tunda wasu masu gida danshi suke ɓoyewa da katakon tun farko.

Ki guji siririyar wolfefar nan mai gam a jikinta da mai ƙyalli, duk wani lotso sai sun tona shi. Mai kauri da zane a murɗe ta fi rufa asiri. Naɗin wolfefa na yau da kullum santimita 53 ne a faɗi, mita 10 a tsayi, bango mai faɗin mita 4 da tsayin mita 3 zai ci uku, ki ƙara ɗaya saboda haɗa zane. In gidan haya ne, ki ji ta bakin mai gida kafin samfefa ta taɓa katakonsa.