Fetur ɗin da ya dace da injin kwale-kwale, kafin ka cika jarka

Wani abokina ya sayi injin Yamaha mai ƙarfin doki 40 zai riƙa ɗaukar masu shaƙatawa a tafkin Jabi da ke Abuja. Ya ga E10 da E15 a takardar injin, ya kira ni yana tambayar ma'anarsu da kuma man da ya kamata ya zuba. Lambar nan kason sinadarin itanol ne a cikin ɗari na man, shi kuwa itanol ana tatso shi ne daga masara ko rake ko rogo.

Ni dai zaɓina fetur zalla, wanda ba a surka shi da komai ba. Dalili kuwa ruwa ne. Itanol yana janyo laima daga iska, shi kuma tankin kwale-kwale yana da kafar shan iska, ga shi kullum a kan ruwa. Idan laimar ta yi yawa, sai ruwan da itanol su haɗu su kwanta a gindin tanki, daidai inda bakin tiyo ke zuƙa. A injin da ake gauraya wa baƙin mai cikin fetur abin ya fi muni, domin wannan kwantaccen ruwan ba ya ɗauke da baƙin man, injin sai ya yi ta aiki a bushe. Fetur zalla yana jure ajiya, ba ya cin tsohon tiyon roba, ya kuma fi nisan zango, tunda ƙarfin itanol bai kai na fetur ba da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda aikinsa Asabar da Lahadi ne kawai, injinsa na kwana biyar a ajiye, shi ya fi kowa buƙatar wannan.

E10 ba laifi idan sabo ne. Kamfanonin injin Yamaha da Mercury da Suzuki duk sun amince da shi, amma ka ƙone shi da wuri, ka kuma sa matatar da ke raba ruwa da mai. E15 kuwa ko a Amurka doka ta hana zuba shi a injin jirgin ruwa. E85 na motocin da aka ƙera dominsa ne, kada ma ka waiwaye shi.

Matsalarmu a Abuja ita ce famfon gidan mai ba ya gaya maka abin da ke ciki. A Fabrairun 2022, bayan an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol, dangin itanol, daga Beljiyam, layi ya toshe gari, na sayi jarka biyu wurin wani ɗan bumburutu a bakin titi. Ya rantse mini da safen nan ya ɗebo. Muna tsakiyar tafki da fasinja, har da yara, injin ya yi tari ya mutu. Da filafili muka fito. Bakanike ya buɗe kafireto, ga ruwa ga tsatsa, robobin ciki sun kumbura. Har yau idan na tuna fuskar uwar yaran nan raina yana ɓaci.

Masu jarka wasu kananzir suke zubawa, wasu kwantan mai ne da ya sha rana, launinsa kuma ba abin dogaro ba ne. Ka yi gwaji biyu kafin ka biya. Ɗiga man a farar takarda: fetur zai bushe nan take, mai kananzir zai bar tabon maiƙo. Sannan ka sami siririyar kwalba, ka zuba ruwa kashi 1, ka ja layi a kansa, ka ƙara fetur kashi 9, ka girgiza, ka ajiye minti 5. Idan ruwan ya haura layin, akwai itanol ko metanol a ciki. Mai sayarwar da ya hana ka gwadawa, ɗauki jarkarka ka yi gaba. Ni yanzu gidan mai ɗaya nake zuwa, mai yawan ciniki, kuma kwalbar tana cikin akwatin sifanuna.