Lise ɗin manya mai karatun dare a Damagaram, ga masu son komawa neman bak, jarrabawar gama lise wato babbar sakandare

Maganar gaskiya wannan lakwal ɗin, wato makarantar, lokaci take sayarwa, kuma lokacin nata na kirki ne, sauran abubuwan da ta rubuta a allon bakin ƙofa kuwa sai mutum ya tace. Ni gyaran waya nake yi a kasuwar Dole, na bar karatu tun ina faramiye, aji na biyu na lise, lokacin da tsohonmu ya kwanta ciwo, na koma bana da gemuna na zauna tarminal, ajin ƙarshe, ɓangaren A4 na adabi da harsuna a wajensu, kuma alhamdulillahi bak ya samu, a zagaye na biyu dai amma ya samu. Ba zan kama sunan makarantar ba don akwai abubuwan da zan faɗa da ba za su yi ma wasu daɗi ba kuma garin nan ƙarami ne, gobe sai ka haɗu da mutum a wajen ɗaurin aure.

Yadda suka tsara abin shi ne aji ɗaya ana ba da darasinshi sau biyu, akwai na yamma bayan la'asar akwai na dare bayan isha, sannan Asabar da safe a maimaita abin da aka yi cikin sati ga wanda ya rasa. Ba a ɗaure ka da rukuni guda ba, yau ka zo na yamma gobe ka zo na dare ba mai ce maka don me, sirbeyan, mai kula da ɗalibai, zai dai sa maka alama a littafinshi shi ke nan. Wanda bai taɓa riƙe sana'a ba ba zai gane girman wannan ba. Ranar Alhamis ita ce babbar kasuwa, mutanen Mirya da Matamaye da ƙauyukan Tanut duk sun shigo da wayoyinsu da suka mutu, wannan sikirin ya fashe wancan ba ta ɗaukar caji, in na rufe shago ƙarfe huɗu don in je in ji labarin yaƙin duniya na biyu to cefanen sati na zubar. Na faɗa ma darakta haka tun ranar rajista, ya ce ba komai Alhamis taka ce ka zo Asabar, kuma wallahi har shekara ta ƙare ba su saɓa ba. Da azumi ya zo suka mai da na yamma ya koma safe, na dare kuma bayan asham, ba tare da mun roƙa ba. Ko ranar debuwar, gwajin aji, in ka sanar da wuri ana ba ka wata rana da wasu tambayoyi daban, ba irin lakwal ɗin gwamnati ba da in ka rasa sifili ne kawai ka je ka yi ta bin mushe, wato malami.

Suna da gurup na WhatsApp na kowane aji inda ake turo hoton darasi da bokal na bayani. Wannan rabi da rabi ne. Mushen istuwar, wato tarihi, yana turowa a kan kari, muryarshi tas, ina saurare ina kwance waya da sukurdireba. Wasu kuma sai su ɗauki hoton tablo a karkace da hasken tocila rabin rubutun ba ya karantuwa, ka ƙona mega a banza. Kuma abin da suke kira karatu daga nesa a tallarsu wannan gurup ɗin ne fa, babu wani abu bayanshi, don haka wanda ke Agadas ko Diffa yana tunanin zai yi shekara duka ta waya ya zo ya ci jarrabawa to ya sake lissafi.

Malamai yawancinsu na lise ɗin gwamnati ne da ke zuwa neman na cefane da yamma, kuma wannan ba aibi ba ne, su ne suka san yadda tambayoyin bak ke fitowa, wasunsu ma suna cikin masu gyaran takardu. Mushen filo, wato falsafa, shi ne ya riƙe ni a makarantar nan. Filo ita ce dodon ƴan A4, makinta nauyi gare shi a jimilla, in ta kayar da kai da wuya sauran su ɗaga ka, kuma mu da muka daɗe da barin biro matsalarmu ba tunani ba ce, tsara shi a takarda da Faransanci ne. Mutumin nan sai ya rubuta tambaya a tablo ya ce mu yi gardama da Hausa tukuna, ko ɗan Adam yana da ƴanci ko babu, aji ya kaure, wani dattijo mai gadi a wata ma'aikata ya kawo maganar ƙaddara wata madam ta ce to in haka ne don me ake hukunta ɓarawo, sai da muka gaji sannan ya ce to abin da kuka yi yanzu shi ne disertasiyon, ga gabatarwa ga ɓangare na ɗaya ga kishiyarshi, saura ku sa mishi rigar Faransanci. Daga ranar na daina tsoronta. Kuma ya san yadda ake magana da manya, dattijon nan Baba yake ce mishi, matan aure Hajiya ko madam, bai taɓa ɗaga ma wani murya ba ko da an kwafsa. Na lissafi kuwa Allah ya shirya, lakwal uku yake koyarwa, ya iso a makare kan moto yana haki ya cika tablo ya goge kafin ka gama kwafa, in ka yi tambaya ya ce ai wannan tun turwaziyam, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, aka yi shi. To mushe da mun tuna na turwaziyam me ya kawo mu nan da dare. Mu ƴan A abin bai kashe mu ba, amma ƴan D, ɓangaren kimiyya, da lissafi da fizik da ilimin halittu ne jarinsu sun sha wuya, da yawansu sai da suka haɗa kuɗi suka ɗauki wani ɗalibin jami'ar André Salifou yana yi musu ƙari ranar Lahadi.

Ajin kanshi abin sha'awa ne, akwai soja akwai malaman firamare ƴan kwantaragi da ke son bak don su ci gaba, akwai matan da aure ya cire daga karatu suna son shiga makarantar kiwon lafiya, wata da goyonta take zuwa ba wanda ya taɓa yamutsa fuska. Ranar jarrabawar wasanni kam an yi dariya, mu da tumbi muna zagaya fili tare da yaran da aka haifa muna ajin farko na ƙaramar sakandare.

Inda na fara jin haushinsu shi ne wajen sanya mutum a aji. Suna yin gwaji ranar shiga amma gwajin na jeka-na-yi-ka ne, duk wanda ya ce tarminal yake so kuma kuɗinshi na hannu to tarminal za a sa shi. Na ga mutumin da birbe, takardar gama ƙaramar sakandare, kawai gare shi, bai taɓa zama sikwan, ajin farko na lise, ba balle faramiye, an jefa shi cikinmu, kafin sanyin Janairu ya wuce ya daina zuwa. Lise shekara uku ce, mutum mai ƙwazo zai iya matse ta cikin biyu, amma cikin wata tara ba ta matsuwa, kuma su sun fi kowa sani. Haka maganar dosiye, ba su gaya maka tun farko cewa yawancinmu manya a matsayin kandida libir, wato masu shiga da kansu ba da sunan makaranta ba, za mu shiga jarrabawa, kuma takardar haihuwa da takardar ɗan ƙasa da shaidar birbe duk sai an buga musu hatimi an kai watanni kafin ranar. Sai ana saura ƴan kwanaki a rufe suka liƙa sanarwa, kowa ya bazama ofishin magajin gari da kotu, wanda aka haifa a ƙauyen Magariya ko Gure sai ya bar aiki ya yi tafiya. Abin da sakatare zai iya faɗa da baki ɗaya tun watan Oktoba.

Sai babbar maganar, ƴan ƙasashen waje, wadda da ita suka fi yin talla. Akwai su kam, ƴan Najeriya sun fi yawa sai ƴan Cadi ƙalilan. Ƴan Cadi ba su da matsala sosai tunda tsarinsu da namu kusan ɗaya ne kuma da Faransancinsu suka zo. Na Najeriya ne abin tausayi, kuma na gani a gida don ɗan kawuna na Daura a ɗakina ya zauna, taubashina ne shi ya sa kullum muna tsokanar juna, yana ce min tsohon ɗalibi ina ce mishi bonju ma ta gagare ka. Yaron ya gama sakandare da WAEC mai kyau, ubanshi na son ya yi jami'a a nan. Can tsarinsu shekara 6 firamare 3 ƙaramar sakandare 3 babba, mu nan 6 da 4 da 3 ne, wato mun fi su da shekara guda, kuma duk abin da ya sani da Ingilishi ya san shi. Lissafi yana ganin alƙaluma ya gane, amma tambayar da ke sama da alƙaluman ba ya jin ta. Makarantar ta yi alkawarin ajin koyon Faransanci na musamman, abin da aka samu shi ne awa biyu a sati a haɗe da wanda bai san a b c ba da wanda ya ɗan iya, mushe guda. Wannan ba zai kai mutum ga rubuta shafi huɗu na filo ba ko da aljani ne. Ubanshi ya ce ai ya ji a rediyo Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar tun 2025, haka ne, amma takardar bak da Faransanci take zuwa kuma da shi ake amsawa. Batun daidaita takardunshi da namu ma ba a hannun makarantar yake ba, ofishin bak ne ke yi a Yamai, kusan kilomita 900 daga nan, su iyakarsu su ce maka za mu taimaka, taimakon kuwa lambar waya ce aka rubuta mishi a ƴar takarda. Ga naira da ta faɗi, duk kashin kuɗin makaranta da za a biya da sefa sai kawu ya kira yana salati. Da sun gaya mishi gaskiya cewa shekarar farko ta harshe ce zalla da bai ji ciwo ba, yanzu abin da yake yi ke nan a wani wuri daban, kuma bakinshi ya fara buɗewa.

Kuɗinsu ya fi na kur di suwar, karatun yamman da ake yi a azuzuwan gwamnati nesa ba kusa ba, amma bai kai na manyan lise masu zaman kansu na rana ba. Ana biya kashi uku, suna karɓa ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana in ba ka gari, kuma in ka makara sati biyu ba sa korar ka daga aji a gaban mutane, darakta zai kira ka gefe ne, wannan na yaba. Sai dai ƙananan kuɗi ba sa ƙarewa, na fotokofi, na bak bulan wato jarrabawar gwaji, na katin ɗalibi, ba ko ɗaya a takardar da aka ba mu ranar rajista. Ka nemi resi a kan kowane dala, akwai wanda aka ce bai biya kashi na biyu ba sai da resi ya cece shi.

Wurin gidan haya ne aka mayar azuzuwa, suna da fano na hasken rana saboda haka in kuran ya tafi fitila ba ta mutuwa, fanka ce dai ke tsayawa, kuma watan Afrilu da Mayu lokacin da ya kamata a fi dagewa ɗakin kamar tanda yake ko da dare. Ruwa kuwa Damagaram ce, in ɗan garuwa bai zo ba bayi a rufe, ka taho da gorarka da butarka. Babu ɗakin gwaje-gwaje, ƴan D a tablo suke ganin komai. Akwai mai gadin motoci da babura a ƙofa kuma ban ji an ɗauke na kowa ba, matan da ke tashi ƙarfe goma na dare kuma sirbeyan ba ya rufe ƙofa sai kowace ta samu adaidaita ko mijinta ya iso.

In kai ɗan nan ne, ka taɓa zama sikwan ko faramiye ko ka taɓa faɗuwa bak, kana da sana'a ko iyali da ba za su bar ka ka zauna aji da safe ba, musamman in A4 za ka yi, to ka je, ban san wani wuri a garin nan da zai yi haƙuri da lokacinka haka ba. Ɗan D ya shiga da shirin biyan mai ƙarin lissafi a gefe. Mai birbe kaɗai ya ƙi yarda a sa shi tarminal ko sun ce zai iya. Wanda zai turo yaro daga Daura ko Kano ko Katsina kuma ya fara tambayarsu awa nawa ne na Faransanci a sati kuma su rubuta mishi a takarda kafin ya canza nairarshi. Rajista tun Satumba suke buɗewa, ka je Asabar da safe don ranar ce darakta da sakatare ke zama tare, ka tafi da takardar haihuwarka da ta birbe a duba ko sunan da ranar haihuwar sun yi daidai, in akwai kuskuren harafi ɗaya tun lokacin za ka fara zaryar kotu.